Takardar Saki: Wadda Miji Ya Rubuta da Wadda Kotu Ta Buga wa Hatimi

A Anguwan Rogo, kamar sauran unguwannin Musulmi na Jos, mafi yawan auren da ya mutu bai taɓa taka ƙofar kotu ba. Miji zai yago falle ɗaya daga littafin makarantar ɗansa, ya rubuta layi biyu da biro, ya ninke, ya ba yaro ya kai wa surukai. Sau tari babu kwanan wata, babu sunan shaida, wani lokaci ko adadin sakin ba a faɗa ba. A shari'ar Musulunci saki ya auku, domin furucin miji ko rubutunsa da niyya ya wadatar. Matar za ta cusa takardar a ƙasan akwati ko cikin kwalla, ta yi idda, rayuwa ta ci gaba.

Rigimar tana tasowa ne bayan shekaru. Wani ya fito neman aurenta, sai tsohon mijin ya ce ai shi ya yi kome tun tana cikin idda. Ko ya rasu, magada su ce an sake ta tuntuni, ita kuwa ta ce rasuwar ta riske ta cikin iddar sakin kome, don haka tana da rabonta cikin tumunin takaba. A nan kwana ɗaya tak yana iya canza hukunci. Ko kuma wurin aikin mamaci ya nemi sanin wace ce matarsa kafin a biya haƙƙoƙinsa, ko ofishin jakadanci ya ce sai ya ga shaidar mutuwar auren farko kafin ya ba da biza. Duk waɗannan wurare ba sa karɓar fallen littafin makaranta. Abin da suke nema shi ne takardar kotu.

Tambayar farko ita ce yadda aka ɗaura auren, domin ita ce ke nuna kotun da za a nufa. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida, da waliyyi da shaidu da sadaki, hurumin kotun yanki ne, wato magajiyar kotun alƙali ta zamanin En'e, wadda gwamnatin soja ta karɓe daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960. Jihar Filato ba ta cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a fagen laifuffuka daga 1999, kuma wannan ya sa wasu ke zaton babu inda Musulmi zai kai maganar aurensa a Jos. Ba haka ba ne. Kotunan yanki, irin babbar kotun da ke Kasuwan Nama, suna sauraron ƙararrakin aure da saki da riƙon 'ya'ya da gado bisa mazhabar Malikiyya, kuma jihar tana da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya fayyace huruminta a kan irin waɗannan al'amura.

Auren rajista kuwa hanyarsa daban. Wanda ya sa hannu a ofishin rajistar aure, ko a cocin da ke da lasisi, Babbar Kotun Jiha kaɗai ke iya raba aurensa, a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. Can kuma takarda biyu ce. Alƙali zai fara yanke hukunci na wucin gadi, sai bayan wata uku a al'ada ya zama na dindindin, kuma idan akwai yara 'yan ƙasa da shekara 16 sai kotu ta gamsu da tanadin da aka yi musu. Mutane da yawa sukan tafi da takardar farko suna murna, alhali a idon doka igiyar tana nan. Wanda ya sake aure a wannan tsakani ya jawo wa kansa. Dokar aure ta tanadi ɗaurin shekara biyar ga mai auren rajista da ya ɗaura wani na gargajiya kafin na farkon ya mutu. A gari irin Jos, inda aure tsakanin ƙabilu da addinai ba sabon abu ba ne, wannan ba maganar wasu can nesa ba ce.

To, mu ɗauka an taɓa zuwa kotu: matar ta nemi hul'i ta mayar da sadaki, ko alƙali ya raba auren saboda rashin ci da sha, ko duka, ko miji ya yi tafiya ba amo ba labari. Takardar da aka ba ta ta ɓace. Wannan ya sami gidaje da yawa a nan. Rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010 sun kori iyalai daga unguwannin da suka tashi a ciki, da yawansu suka dawo Anguwan Rogo da kewaye da kayan jikinsu kawai. Ambaliyar Yulin 2012 ta ƙara cinye abin da ya saura a Rikkos da Gangare. Amma ɓatan kwafin da ke hannu ba shi ne ɓatan hukuncin ba. Asalin yana cikin kundin kotun da ta yi shari'ar, kuma can za a koma, ba kotun da ta fi kusa da gida ba.

Ofishin magatakarda ne wurin zuwa, ba zauren alƙali ba. Za ki tarar da manyan littattafai masu kauri, bangonsu ya sha hannu, an jera su shekara-shekara, shari'un ciki duk rubutun hannu. Abin da magatakarda zai fara tambaya shi ne lambar ƙara. Idan kina da tsohon sammaci ko rasit, ko da ya yage, lambar tana jiki, aiki ya yi sauƙi. Idan babu, sai a shiga lalube.

"Hajiya, wace shekara ce?"

"Ranka ya daɗe, ina goyon Auta ne lokacin, bayan gobarar babbar kasuwa."

Kada a raina irin wannan amsa. Kasuwar Terminus ta ƙone a Fabrairun 2002, ga kuma shekarun Auta. Magatakarda mai haƙuri ya riga ya san littattafai biyu ko uku da zai sauko da su. Sunan alƙalin da ya yi shari'ar yana taimakawa, haka cikakken sunan miji da na mahaifinsa kamar yadda aka rubuta a lokacin, ba laƙabin da unguwa ta san shi da shi ba.

Sai a rubuta takardar neman kwafi, a biya kuɗin da hukuma ta yanke, a karɓi rasit. Rasit ɗin nan ba ado ba ne. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 104, ta shimfiɗa abin da ke mayar da kwafi abin dogaro: a biya kuɗin doka, jami'in da ke riƙe da asalin ya rubuta a ƙasan kwafin cewa daidai yake da asali, ya sa kwanan wata, ya rubuta sunansa da muƙaminsa, ya sa hannu, a buga hatimi. Idan ɗaya ya faɗi, lauyan abokin shari'a zai iya sa a yi watsi da takardar. Shi ya sa masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa "kawo in fito miki da ita yau-yau" suke da haɗari. Wadda suka fito da ita tana iya yin kyau a ido, amma ba ta da uwa a cikin kundi. Kafin ki bar ofishin, ki sa a karanta miki takardar da aka ba ki. Sunan da aka rubuta Hauwa a nan, Hawwa'u a katin ɗan ƙasa, zai iya mayar da ke baya wata rana.

Akwai abin da bai kamata a ruɗa ba. Takardar shaidar saki falle ɗaya ce mai faɗin cewa aure ya ƙare ranar kaza. Kwafin shari'a kuma shi ne duk abin da aka faɗa a zaman kotu har zuwa hukunci. Mai son sake aure ta farko ta ishe ta. Mai bin kuɗin ciyar da yara da alƙali ya yanka, ko mai kare riƙon 'ya'yanta, ta biyun take buƙata.

Idan an duba kundi ba a samu ba, akwai sauran ƙofofi. Shari'ar da aka ɗaukaka, an tattara kwafinta an aika kotun sama, don haka yana iya kasancewa can. Wadda aka yi a Lafiya ko Keffi kafin 1996, lokacin suna cikin Filato, yanzu sai an bi ta Jihar Nasarawa. Rantsuwar ɓatan takarda da ake yi a Babbar Kotu tana da amfani, amma shaida ce kawai cewa takarda ta ɓace, ba ta zama hukunci.

Mu dawo ga mafi rinjaye, waɗanda sakinsu a gida aka yi. Babu kundin da za a buɗe musu, domin ba a taɓa rubutawa ba. Hanyar ita ce matar ta shigar da ƙara a kotun yanki tana neman a tabbatar da sakin. Za a aika wa mijin sammaci. In ya amsa, alƙali zai rubuta adadin sakin da ranarsa, a ba ta takarda. In ya musanta, sai shaidu maza biyu adilai, kuma a nan ne jinkiri ke yin ɓarna, domin kawun da aka karanta takardar a gabansa da limamin da ya yi ƙoƙarin sulhu ba za su dawwama ba. Na san iyaye na ƙyamar wannan mataki, suna ganin tonon asiri ne a kai uban 'ya'ya kotu. A ganina zaman rabin awa gaban alƙali, alhali kowa na raye kuma yana tune, ya fi rufa asiri a kan jayayyar da za a yi a zaman makoki. Suratu Ɗalaƙ kanta ta yi umarni da kafa shaidu a wajen rabuwa da kome, kuma ƙasashen Musulmi irin su Maroko, tun gyaran dokar iyali na 2004, sun mayar da saki ƙarƙashin kulawar kotu. Wadda ba ta da halin ɗaukar lauya tana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, kodayake a kotun yanki mutum na iya tsayawa da kansa ya yi bayani da Hausa.

Wadda za ta yi amfani da takardar a ƙasar waje, ta tambayi ofishin jakadancin tun da wuri ko suna buƙatar tantancewar Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, da fassara idan da Hausa aka rubuta shari'ar. Ta kuma karɓi kwafi biyu masu hatimi tun a zuwan farko, domin ofisoshi da yawa in sun karɓa ba sa mayarwa.