Daga Ina Dattin Ruwan Famfo Yake Fitowa?

Jama'a, yau zancenmu na ruwan sha ne, amma tushensa yana gona. Ruwan da ake tacewa a gidan ruwa na Dukku don mutanen Birnin Kebbi daga gulbin Rima ake ɗebo shi, watau gulbin da ya biyo ta Argungu. Kafin ya iso mana an tare shi a madatsa biyu: Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978, da Goronyo a kan Rima, wadda aka gama a 1984.

Laka ba ta da wuyar sha'ani, alif yana kwantar da ita. Abin da ya fi damun ma'aikatan ruwa shi ne ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi da suka narke a ciki. Masana suna auna wannan datti da yawan kabon ɗinsa, watau sinadarin nan da ya cika gawayi, wanda duk mai rai yake ɗauke da shi.

Ga dalilin damuwar. A 1974 wani masani, Rook, a birnin Rotadam na ƙasar Holan, ya gane cewa kulorin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, in ya tarar da wannan datti, sai su haifar da wasu sinadarai. Likitoci suna zargin shan su shekara da shekaru yana ƙara haɗarin ciwon dajin mafitsara. Kada wannan ya sa kowa ya guji ruwan famfo, gama kwalara ta fi saurin kisa. Magani shi ne a rage dattin tun daga asalinsa.

To, ƙaƙa ake gane asalin? Kamar yadda maharbi yake bin sawu ne. Kabon iri-iri ne, akwai mai lamba 12, akwai mai lamba 13 wanda ya ɗan fi nauyi. Gero da dawa da masara da gamba sun fi shinkafa da wake da itatuwa tara mai nauyin. Saboda haka in an ɗebi ruwa a kwalba aka kai ɗakin gwaji, na'ura takan nuna ko dattin ya fi kama da na tudu ko na fadamar shinkafa. Haka kuma gansakuka da ke tsirowa cikin madatsa ta fi kara yawan naitirojin, watau ƙarfin takin yuriya, da wannan ake rarrabe ta. Akan ɗebi ruwa sama da gari da ƙasa da shi, rani da damina, a gwada.

Manomi ya lura da abu biyu. Ruwan farko na damina shi ke wanke kashin shanu da shara zuwa gulbi. Takin zamani kuwa da ya zurare daga fadama, gansakuka da kainuwa yake ciyarwa, in sun mutu su ruɓe a ruwa. Tun 2015, da aka ƙaddamar da shirin rancen noman shinkafa a Birnin Kebbi, noman rani ya bunƙasa, sai a ƙara kula.

Ga shawara. Kada a zubar da buntu ko karan shinkafa a gulbi, a tara su a rami su zama taki. A bar jema ko gamba a bakin gaɓa su tare zaizaya. A raba yuriya kashi biyu ko uku, kada a watsa ta ana shirin sakin ruwan fangali. Turken shanu da masai su yi nisa da bakin ruwa.

Takin da ya tafi gulbi, kuɗinka ne ya tafi, kuma ɗan'uwanka na birni zai sha. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.