Toshe Kunnen Mai Laɓe a Iska

Duk saƙon da ya fita daga wayar salula ko na'urar Wi-Fi iska yake bi, iska kuwa ba ta da katanga. Wanda ya kafa eriya a kusa zai iya tsintarsa ba tare da kowa ya sani ba. Maganin da aka saba shi ne a kulle saƙon da lambobin sirri, ɓarawo ya kwasa ya rasa yadda zai karanta. Sai dai kwaɗo yana tsufa. A 2001 masana suka ɓalle WEP, tsarin farko na tsaron Wi-Fi, a 2017 kuma wani masani, Mathy Vanhoef, ya bankaɗo ɓaraka a WPA2, tsarin da ya zo daga baya.

Shi ya sa wasu injiniyoyi suka koma kan siginar kanta. Tun 1975 Aaron Wyner na Bell Labs a Amurka ya tabbatar da lissafi cewa, muddin hanyar mai laɓe ta fi ta mai karɓa hayaniya, ana iya tsara saƙo yadda mai shi zai ji sarai, mai laɓe ya tashi a tutar babu, komai ƙarfin kwamfutarsa. Saura a ɓata masa hanyar da gangan. Turken 5G yana ɗauke da ƙananan eriya birjik, wani har 64, suna haɗa ƙarfi su saita waya ɗaya kamar hasken tocila. Ana iya watsa hayaniyar ƙarya zuwa sauran kusurwoyi, ta cika kunnen duk wanda ke can.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta ƙera makulli daga iskar. Sigina takan yi karo da bango, da mota, da jikin mutum kafin ta isa, kuma yadda ta murɗe a tafiya haka take murɗewa a dawowa. Na'urori biyu sai kowace ta auna wannan murɗiya, su fitar da lambar sirri iri ɗaya ba tare da an aika ta ba. A zangon gigahaz 2.4 tsawon igiyar siginar bai wuce santimita 12.5 ba, don haka wanda ya matsa kamar santimita 6 galibi wani abu daban yake gani.

Amma kada a yi saurin guɗa. Mai laɓe ba ya tari balle a san inda yake. In ya tsaya daidai saitin siginar, ko ya zo da eriyar da ta fi taka, lissafin Wyner ya juye. Saboda haka yawancin dabarun nan suna ɗakin bincike har yanzu, masu shirin 6G kuma suna kallonsu a matsayin ƙari kan lambobin sirri.