Birkin da ya cinye zai ci jarabawar rodwodi?

Babu tambayar da na fi ji a bakin 'yan uwa masu mota a zangon Kumasi, in takardarsu ta kusa mutuwa, irin wannan: "Alhaji, birkina ya ɗan ci, amma yana kamawa. Kana ganin zai wuce?" Shekara kusan talatin ina fataucin albasa tsakanin Galmi da Gana, na riƙe motoci, na zauna da makanikai, don haka ga amsata: yana iya wucewa, kuma wucewar tasa ita ce abin tsoro.

A Gana, hukumar DVLA ce ke ba da takardar shaidar lafiyar mota, wadda muke ce wa rodwodi. Motar gida sau ɗaya a shekara, motar haya da ta kaya kuwa duk wata 6. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru su ma suna da tasu, bizit teknik. Inda ake da na'ura, ana ɗora tayoyin mota a kan wasu ƙarafa masu juyawa, a taka birki, kwamfuta ta auna ƙarfin kamun kowace taya. Ana duba ko hagu da dama suna kamawa daidai, a ja birkin hannu, a leƙa ƙasa ko mai yana yoyo. In gefe ɗaya ya fi ɗaya kamu sosai, ko bututu yana zuba, ko ƙarfe ya fara cin ƙarfe, to motar ta faɗi.

Amma takalmin birki da ya sirance bai cika faɗuwa a wannan gwaji ba. Sabo na ƙaramar mota yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12, makanikai kuma sukan ce a canza in ya sauko 3. Wanda ya rage saura 2 yana iya kama taya da kyau a kan na'ura, domin motar babu kaya, birkin da sanyinsa, tayar kuma a hankali take juyawa. Takarda ta shaidi abin da aka gani ran nan ne kawai. Ba ta san buhu nawa za ka ɗora gobe ba.

Hanya daban take da wurin gwaji. Aikin birki shi ne ya mayar da gudu zafi, shi ya sa ƙafar mota ke ɗaukar zafi bayan doguwar gangara. Takalmi mai kauri yana tare wani sashe na zafin, siriri kuwa sai ya miƙa shi ga man birki. Shi kuma man nan yana shan danshin iska a hankali. Sabon mai samfurin DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155. Da ya tafasa sai kumfa ta cika bututu, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa, mota ba ta ko gezau ba. Duk wanda ya taɓa saukowa daga dutsen Aburi da mota cike ya san wurin da nake nufi. Ga kuma lissafin da direbobi da yawa ba su yi: in ka ninka gudu biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninki huɗu ne.

Wani zai ce kasuwa ba daɗi, bari a samu takarda tukuna, gyara sai an yi ciniki. Na san halin, ni ma ɗan kasuwa ne. To mu yi lissafin kasuwa. Takalmi shi ne mafi araha a kayan birki. In ka bar shi ya ƙare, ƙarfen bayansa zai ƙarce faifan, ka koma sayen biyu maimakon ɗaya. Wannan in Allah ya tsare ke nan. In bai zo da sauƙi ba, ga jari a kwalta, ga yaron mota ɗan mutane, ga ka baƙo a ƙasar wasu kana yi wa 'yan sanda bayani. Masu cewa ka kawo kuɗi su kawo maka takarda har gida ba tare da an ga mota ba, takarda kawai suke sayarwa, birkinka yana nan yadda ka bar shi.

Abin da nake gaya wa yarana shi ne, mako biyu kafin ranar gwaji a kai mota wurin makanike ya cire tayoyi, ka ga takalmin da idonka. A canza hagu da dama tare, kada a yi ɗaya a bar ɗaya. In za ka saya a Suame Magazin ko Abose Okai, tafi da wanda ya san mai kyau da jabu, domin araha ba ta ado. Man birki a sauya shi duk shekara 2. In ka ga yana raguwa a kofinsa, kada ka tsaya ƙari kawai, ko takalmi ne ya ci ko wani wuri yana yoyo. Masu manyan motoci na birkin iska su riƙa zubar da ruwan tankin iska kullum. A gangara kuwa a sa babbar giya, inji ya riƙe mota, birki ya huta.

Uwargida, ke ma kina da baki a nan, tunda ke da yara ake ɗauka zuwa makaranta da biki. In kin ji ƙara kamar ana wasa wuƙa duk lokacin da aka taka, ko mota tana karkata gefe ɗaya, ko maigida yana taka birki sau biyu kafin ta tsaya, ki yi magana. In ya nuna miki sitika a gilashi, ki tambaye shi yaushe rabon da a cire tayar a duba.