Ƙaya Ɗaya Tana Tsayar da Tarakta: Sha'anin Faci a Gadarif

Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mu da muke zaune a Gadarif mun ga gaskiyar wannan magana a gona, domin ƙayar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba takan tsayar da tarakta kwana biyu cur, direba yana zaune, mai gona yana kallon hadari yana salati. Abin da muke kira faci, 'yan'uwanmu Larabawa suna ce masa banshar, mai sana'ar kuwa bansharji.

Noman inji ya fara a wannan yanki ne wajen 1945, a Gadambaliya, a 1968 kuma gwamnati ta kafa hukumar kula da shi. Tun daga nan dawa da riɗi suka dogara ga taya, domin gonar fadan 1,000 ba ta nomuwa da fartanya. Ƙasarmu kuwa baƙin laka ce. Da rani ta tsage ta yi tauri kamar dutse, da ruwa ya sauka ta koma caɓi. Saboda haka kwanakin shuka a watan Yuli ƙidayayyu ne: in ƙasa ta sha iska aka shiga, to, an dace, in taya ta sace ran nan, wani ruwan ya sake sauka, sai a jira mako guda. Haka riɗi a watan Oktoba, in ya nuna ba ya jiran kowa, kwansonsa yakan buɗe iri ya zube ƙasa. Ashe kuɗin faci ba shi ne hasarar ba, kwanakin da suka wuce su ne hasarar.

Wata shekara wani maƙwabcinmu ya tafi gona da tarakta ba famfo, ba sholisho, ba ko ƙyallen faci. Tayar baya ta sace da hantsi, aka rasa motar da za ta kai ta gari sai washegari. Kafin a dawo da ita ruwa ya yi sau biyu. Rabin gonar nan a makare aka shuka ta, kuma da kaka mun ga bambancin a buhu.

Me ke huda tayoyinmu? Na farko ƙaya: ta aduwa, da ta dumshe wanda ake kira talha a nan, da ta kitir, musamman a sabuwar gonar da aka sare ba a kwashe rassa ba. Na biyu tushiyar dawa, wadda in ta bushe takan yi tsini kamar mashi, ita ce ke cin tayoyin gaba da ƙananan tayoyin injin yankan ciyawa da na riɗi. Na uku ƙusa da waya a titi. Hanyar da ta taso daga Wad Madani ta ratsa garinmu zuwa Kasala da Fot Sudan ba ta rabuwa da manyan motoci, abin da ya faɗo daga gare su kuwa ƙananan motoci ke kwasa. Na huɗu sakacinmu: taya mai ƙarancin iska takan yi zafi, gefenta ya gaji, ta fashe ba tare da wani abu ya taɓa ta ba.

Gyara ya danganta ga irin tayar. In mai tub ce, a ciro tub ɗin, a hura, a tsoma a ruwa har a ga inda kumfa ke fita. A kankare wurin da sanfefa, a shafa sholisho, a bari ya sha iska kafin a manna facin. Gaggawa a nan ita ke sa faci ya ɗago. Kafin a mayar, a bi cikin tayar da ƙyalle a hankali a nemo ƙayar, don sau da yawa mun ga an yi faci mai kyau an bar ƙayar a ciki, ba a yi kilomita guda ba aka sake tsayawa. In marar tub ce, ana iya cusa igiyar faci a ramin da bai wuce milimita 6 ba, a wurin da ke taka ƙasa. Amma hudar gefen tayar mota ba ta da magani, wannan taya ta gama aiki a titi. Kada arha ta sa mu ɗora iyalinmu a kanta.

Tayar tarakta ta baya tana da nata hukunci. Wasu sukan cika ta da ruwa kamar kashi uku cikin huɗu don ta yi nauyi ta kama ƙasa, irin wannan sai an zubar da ruwan kafin a taɓa ta, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Kada a kafa jak a kan laka sai an shimfiɗa katako mai kauri, a kuma tokare sauran tayoyin. Iskar da take bukata ba ta kai ta mota ba: mota wajen fam 30 zuwa 35, tayar tarakta ta baya kuwa galibi ƙasa da fam 20. A bi abin da kamfani ya rubuta, kuma wanda ke hurawa ya tsaya gefe, kada ya sunkuya a kanta. Mu malamai muna roƙon masu faci su kula da yaran da ke koyon aiki a wurinsu, yawancinsu ɗalibanmu ne da ke neman na littafi lokacin hutu.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, da rufewar hanyar Wad Madani daga Disambar wannan shekara zuwa Janairun 2025, sun tsadar da taya da kayan gyara, sun kuma koya mana darajar lallaɓa abin da ke hannu. Shawararmu ita ce tun watan Mayu kowane mai tarakta ya tanadi famfo, ma'aunin iska, liba biyu, sholisho, faci manya da ƙanana, bawul da tub na safaya. A kwashe ƙaya daga gefen gona tun rani, a auna iska kowace safiya kafin taya ta yi zafi, a ajiye injin a inuwa don rana tana tsattsaga roba. Maƙwabta uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su ajiye tayar gaba guda ɗaya, wanda tasa ta sace ya ara.

Duk waɗannan kaya ba su kai kuɗin buhunan riɗin da ke zubewa a yini ɗaya ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai masu tafiya gida lafiya, amin.