Gubar Da Aka Jibge A Koko: Abin Da Ya Kamata Mutanen Bakin Kogi Su Sani

A shekarar 1988 wani labari ya tayar da hankalin Nijeriya baki ɗaya. An gano dubban ganguna cike da guba a wani fili a garin Koko. Kada mai karatu ya ɗauka Kokon Kebbi ake nufi, wadda ke ƙaramar hukumar Koko/Besse. Wannan wata Koko ce can kudu, ƙaramar tashar jirgin ruwa kusa da teku, a tsohuwar Jihar Bendel, yanzu kuwa tana cikin Jihar Delta. Ko da yake tsakaninta da Dole Kaina tafiya ce mai nisa, akwai abin da ya haɗa su. Duka biyu garuruwan bakin ruwa ne, ana sauke kaya ana loda kaya, baƙi suna shiga suna fita, kuma abincin jama'a da abin shansu daga ruwan suke fitowa.

Yadda abin ya faru

Masana'antun Turai, wato manyan ma'aikatun da ke yin fenti da roba da magunguna, kullum suna fitar da dagwalo mai guba. Dokar ƙasashensu ta hana a zubar da shi ko'ina. Sai an ƙona shi a tanda ta musamman, ko a adana shi a wurin da aka tanada, kuma yin haka yana cin ɗaruruwan daloli a kan kowane tan guda. To, sai wasu dillalai suka ga ai akwai hanya mai araha: a loda shi a jirgi, a kai shi ƙasar da ba a san shi ba.

Tsakanin shekarar 1987 da watan Mayu na 1988, jiragen ruwa suka riƙa zuwa Koko daga ƙasar Italiya suna sauke ganguna. Jimlar abin da suka sauke ya haura tan 3,500. A takarda an nuna kamar kayan aikin gini ne. Wani ɗan kasuwa ɗan Italiya da ke zaune a Nijeriya shi ya ƙulla harkar. Ya kama hayar fili a hannun wani mutumin garin a kan kuɗin da bai wuce dala 100 ba a wata. Mai filin ya ga kuɗi ba tare da ya yi noma ba, ya karɓa. Bai san abin da ke cikin gangunan ba.

Aka jera ganguna a sarari, rana ta dake su, ruwan sama ya dake su. Wasu suka kumbura, wasu suka yi tsatsa suka fara yoyo, dagwalon yana shiga ƙasa. Abin da ya fi ban tausayi shi ne wasu mutanen garin sun zubar da abin da ke cikin wasu gangunan, suka kai su gida suna tara ruwan sha. Ba wauta ba ce. Duk wanda ya san ƙauye ya san darajar duro a gida, kuma babu wanda ya gaya musu komai.

Ba jami'an tashar ne suka tona asirin ba. Wasu ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a jaridun can, suka aiko wa jaridun gida. A watan Yuni na 1988 'yan jarida suka je Koko suka gani da idonsu, labari ya bazu.

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗauki abin da zafi. Ta kira jakadanta da ke Italiya ya dawo gida, ta kuma tsare wani jirgin ruwan Italiya a Legas, har sai da gwamnatin Italiya ta yarda za ta kwashe kayan. Leburorin da aka sa aikin kwashewar su ma sun ji jiki, don wasunsu sun ƙone a fata, wasu sai da aka kwantar da su asibiti. Ɗaya daga jiragen da suka kwashi gubar, mai suna Karin B, ya yi ta yawo a teku. Ƙasashen Turai da dama, har da Ingila, suka hana shi sauke kaya a tashoshinsu. Daga ƙarshe sai a tashar Livorno ta Italiya aka sauke. Wato kayan da manyan ƙasashe masu likitoci da injuna suka ji tsoron ya kwana a tasharsu, shi ne ya shafe watanni a bayan gidan talaka a Koko.

Maƙwabta ma an taɓa su

Ba Nijeriya kaɗai aka nufa ba. A wannan shekara ta 1988, gwamnatin Jamhuriyar Benin, zamanin Shugaba Mathieu Kerekou, ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin waje mai suna Sesco, za a riƙa kawo mata shara daga Turai ana biyan ta dala biyu da rabi a kan kowane tan. Da maganar ta fito fili aka yi ca, aka fasa. A ƙasar Gini kuma an jibge tokar shara wajen tan 15,000 daga birnin Filadelfiya na Amurka a tsibirin Kassa, kusa da Konakiri, har itatuwa suka fara bushewa, sannan aka tilasta kwashe ta. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta wancan lokaci ta ce wannan aiki laifi ne a kan Afirka da mutanenta.

Abin bai tsaya nan ba. A watan Agusta na 2006 wani jirgi mai suna Probo Koala ya sauke dagwalon mai a Abijan, babban birnin kasuwancin ƙasar Kwaddibuwa. Motocin tanka suka bi dare suna zubar da shi a wurare daban-daban cikin gari. Hukumomin ƙasar sun ce aƙalla mutum 15 suka mutu, kimanin 100,000 kuma suka je neman magani.

Me ya sa irin wannan guba ta fi sauran shara haɗari?

Sharar gida, kamar ɓawon gyaɗa da kashin dabbobi da toka, tana ruɓewa ta zama taki. Wannan kuwa ba ta ruɓewa. Cikin abin da aka samu a Koko akwai wani sinadari da ake kira PCB, wanda a da ake sa wa cikin man tiransifoma. Yana iya shekaru masu yawa a ƙasa ko a laka bai lalace ba. Idan ya shiga kogi, ƙananan halittun ruwa su ci, ƙananan kifi su ci su, manyan kifi kamar giwan ruwa su ci ƙananan. Kowane mataki gubar ƙara taruwa take yi, domin a kitse take maƙalewa, ba ta fita da fitsari. Na ƙarshe a layin shi ne mutum, kuma uwa tana iya ba jaririnta ta nono. Masana sun tabbatar yana lalata hanta da fata, yana kuma jawo cutar daji.

Wahalar ita ce ba lallai mutum ya faɗi nan take ba. Sai bayan shekaru ciwo ya fito, a ce sammu ne ko iska. Mutanen Zamfara sun ga irin wannan a 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ba sharar waje ba ce, amma hanyar ɗaya ce: guba ta shiga ƙasar tsakar gida, yara suna wasa suna sa hannu a baki.

Abin da doka ta ce

Bayan abin da ya faru a Koko, gwamnati ta kafa Doka mai lamba 42 ta 1988, kuma har yanzu tana aiki. Duk wanda ya shigo da shara mai guba, ko ya ɗauko ta, ko ya saya, ko ya sayar, ko ya ajiye ta, ko ya zubar da ita a tudu ko a ruwan Nijeriya ba da izini ba, hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne. Ba teku kaɗai dokar ta ambata ba, har da koguna na cikin ƙasa. Sannan gwamnati za ta ƙwace jirgin ko motar da aka yi dakon, ta ƙwace filin da aka jibge kayan. Masu kwale-kwale da direbobi da masu ba da hayar fili ko shago su lura da wannan da kyau.

A shekarar ce kuma aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA. Tun 2007 hukumar NESREA ce ke riƙe da aikin tabbatar da bin dokokin muhalli. Ƙasashen duniya su ma sun ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, wadda ta ce ba a kai wa wata ƙasa shara mai guba sai da saninta da yardarta. Ƙasashen Afirka suka ga wannan bai isa ba, suka yi tasu a Bamako a 1991, wadda ta hana shigo da ita kwata-kwata.

Ina ruwan Dole Kaina?

A wannan yanki ne Kogin Kwara ya shigo Nijeriya, bayan ya wuce Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin. Daga nan ya gangara ta ƙasar Bagudo zuwa Yawuri da tafkin Kainji. Abin da aka zuba a sama, na ƙasa ne zai sha. Kuma kaya masu yawa da aka sauke a tashar Kwatano ta wannan iyaka suke biyowa, ta Dole Kaina da Lolo da Tsamiya, wasu ta mota wasu ta ruwa.

Amma gaskiya gubar da ta fi kusa da jama'ar yankin ba sai jirgi ya kawo ta daga Turai ba. Tana nan a kasuwa. Akwai duro da jarkokin da aka zuba sinadari a ciki, aka ɗauraye sama-sama aka kasa su ana sayarwa, mata suna saya don ruwan sha ko man gyaɗa. Roba tana shan abin da aka zuba mata, sabulu ba ya fitar da shi. Akwai robobin maganin feshi da manoman shinkafa ke yarwa a bakin fadama, yara su tsinta su zuba fura. Akwai tsofaffin batir na mota da na sola da ake fasawa a bayan gari don cire dalma, ruwan batir ya malale ƙasa. Akwai kuma mummunar ɗabi'ar nan ta zuba Gamalin a ruwa don kifi ya taso. Sinadarin da ke cikinsa an sa shi cikin jerin waɗanda duniya ta hana amfani da su a noma tun 2009. Yana kashe babba da ƙarami har da ƙwai, kuma wanda ya ci kifin ya ci guba. Sarkawa na asali sun daɗe suna ƙyamar wannan, don sun san mai yin haka yana cinye kamun baɗi ne.

Ko wanda bai iya karanta Turanci ko Faransanci ba yana iya gane alama. Idan an ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye, guba ce mai kisa. Hoton mataccen kifi da busasshiyar bishiya yana nufin tana kashe abin da ke ruwa. Jan layi a ƙasan takardar maganin feshi yana nufin yana cikin mafi haɗari. Duron da aka kankare rubutunsa ko aka shafe da fenti, shi ma abin zargi ne.

Robar maganin feshi idan ta ƙare, a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, kada a kogi ko kusa da rijiya. Sannan a huda ta yadda ba wanda zai sake amfani da ita. Idan kuwa aka wayi gari aka ga ganguna ko buhunan da ba a san mai su ba a bakin ruwa ko a daji, kada a buɗe, kada a sansana, a kori yara da dabbobi daga wurin. A sanar da mai gari ko hakimi, shi kuma ya kira duba-gari na ƙaramar hukuma da jami'an kwastan. Wanda abin ya taɓa jikinsa ya tuɓe tufafin, ya wanke wurin da ruwa mai yawa, a kai shi asibiti tare da bayanin alamar da ke jikin gangar.