Noman Lambu a Birnin Bauchi: Iri, Lokaci da Ruwa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ƙaramin manomi a birnin Bauchi da kewayensa yake shuka iri, ya reni kayan lambu bayan ruwan sama ya ɗauke, tare da fito da kalmomin da sana'ar ta tanada wa kowane mataki. Abin da za a nuna shi ne, dacewa da lokaci ita ce ginshiƙin wannan sana'a, domin aikin gaba ɗaya tsere ne tsakanin ruwan da yake janyewa cikin ƙasa da zafin bazara da yake tahowa.

2.0 Ƙasa da Yanayi

Malam Yakubu, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin Bauchi a 1809, a wani fili da duwatsu suka kewaye. Birnin yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, amma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba. Sauran watannin kuwa rani ne. Ruwan da ya gangaro daga duwatsu yakan taru a kwari, ya kwanta a ƙarƙashin laka da yashi, kuma irin wannan wuri shi ake kira fadama. A fadamu da bakin rafuffuka da kewayen madatsar ruwa ta Gubi, wadda take shayar da birnin, nan ake samun lambuna, waɗanda a wasu sassan ƙasar Hausa ake ce musu garka.

Bahaushe ya kasa shekara zuwa damina da kaka da hunturu da bazara. Ga mai lambu, hunturu shi ne daminarsa. Sanyin Nuwamba zuwa Fabrairu yana yi wa tumatir da albasa da kabeji da latas da karas daɗi, kuma bushewar iska takan rage cututtukan ganye. Da zarar Maris ya yi nisa, zafin rana yakan haura digiri 35, furen tumatir ya riƙa kaɗewa tun bai ƙulla ɗa ba. Saboda haka wanda ya makara da wata guda a farkon aiki, to, a ƙarshensa zai biya.

3.0 Iri da Renonsa

Kalmar iri a bakin mai lambu tana ɗauke da ma'ana uku: ƙwayar da ake shukawa, da tsiron da ake reno kafin a dasa, da kuma nau'in shukar. Wannan ya nuna matsayin iri a tunanin manomi, wato shi ne asalin komai.

Kayan lambu sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda ake shukawa kai tsaye inda za su girma, kamar kuɓewa da karas da yakuwa, sannan akwai waɗanda sai an rene su an dasa, kamar tumatir da tattasai da attarugu da albasa da kabeji. Ana fara reno ne a ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba. Akan tausasa ƙasar ɗan wuri kaɗan, a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin gida, a yayyafa iri, a rufe da ƙasa marar kauri, sannan a shimfiɗa busasshiyar ciyawa don kada rana ta ƙone shi, ko ruwa ya tone shi. Ƙa'idar ita ce kada zurfin ramin ya wuce girman ƙwayar sau biyu ko uku. Idan tsiro ya leƙo, sai a janye ciyawar.

Manomi mai lura yakan gwada iri tun kafin ya zuba shi. Yakan ƙirga ƙwaya 20 ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana 7 zuwa 10 ya duba nawa suka tsaga. Wannan gwaji ya fi zama wajibi ga irin albasa, wanda ƙarfinsa yake raguwa ƙwarai idan ya shekara. Haka kuma akwai bambanci tsakanin irin gida, wanda ake cirewa daga 'ya'yan da suka fi kyau a shanya a inuwa a adana cikin toka, da irin aure na kamfani da ake sayarwa cikin gwangwani ko leda. Na biyun yana da yabanya mai yawa, amma idan aka ɗebi iri daga 'ya'yansa, shukar baɗi ba za ta yi kama da uwarta ba, dole a sake saye.

4.0 Dashe da Fangali

Tumatir yakan isa dashe bayan mako 3 zuwa 5, albasa kuwa sai ta yi mako 6 zuwa 8. Kwanaki kaɗan kafin dashe akan rage wa iri ruwa domin ya saba da wuya. Da la'asar ake dasawa, saboda saiwa ta samu sanyin dare ta kama ƙasa.

Siffar kwanciyar shuka ita ce babban abin da ya raba noman rani da na damina. Da damina akan yi huɗa, a ɗora shuka a kan kunya don kada ruwa ya kwanta mata. Da rani kuwa sai a juya dabarar: a yanka gona zuwa ƙananan ɗakuna masu ɗan zurfi da gefe ya kewaye, domin ruwan da aka zuba ya tsaya. Kowane ɗaki shi ne fangali, wasu kuma su ce komi. Mai ƙaramin lambu ba ya cika fangalansa da abu guda. Yakan sa alayyafo da latas, waɗanda suke isa kasuwa cikin mako 4 zuwa 6, domin kuɗinsu ya ɗauki nauyin tumatir da albasa da sai sun yi wata 2 zuwa 4 bayan dashe.

5.0 Ban Ruwa: Daga Jigo Zuwa Inji

A da, da jigo ake ban ruwa, wato doguwar sanda da aka ɗora bisa gwafa, guga a baki ɗaya, curin laka ko dutse a ɗaya bakin. Ƙarfin mutum shi ne iyakar girman lambunsa. Bayan farin da aka yi a 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, hukumomi suka mai da hankali ga noman rani. Shirin bunƙasa aikin gona na Jihar Bauchi, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a shekarun 1980, ya yaɗa ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin bututu marasa zurfi. Daga baya shirin Fadama na ƙasa, wanda aka amince da shi a 1992, ya sa Bauchi cikin jihohin farko tare da Kano da Jigawa da Sakkwato da Kebbi.

Inji ya faɗaɗa lambu, amma bai soke tseren da aka ambata ba. Irin wannan inji ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8, kuma kullum rani ya yi nisa, ruwan yana ƙara yin ƙasa. Bugu da ƙari, ya ɗaura manomi ga farashin fetur, abin da ya fito fili bayan janye tallafin mai a Mayun 2023, lokacin da wasu suka koma ga injin gas ko na hasken rana.

6.0 Cuta da Kasuwa

A 2016 tsutsar tumatir da manoma suke kira sharon ta cinye gonaki da dama a Arewa, musamman a Kaduna da Kano da Katsina. Ita ma da zafi take yin ƙarfi, don haka mai dashen wuri yakan tsira da wani abu. Sai dai idan kowa ya dasa lokaci guda, kowa zai tsinka lokaci guda, kwanduna su cika kasuwar Muda Lawal, farashi ya faɗi warwas. Maganin da aka gada shi ne shanya: tumatir ya zama kauɗa, lawashin albasa ya zama gabu, kuɓewa a yanka ta a busar, a ajiye har kaya su yi tsada.

7.0 Kammalawa

An ga cewa kowane mataki na noman lambu a Bauchi yana da lokacinsa da kuma sunansa. A yau gine-gine suna ta cin filayen bakin gari, jigo kuma ya kusa zama labari, har yaro zai tashi a birnin bai san abin da kalmar take nufi ba. Ya kamata masu nazarin harshe da malaman gona su haɗa hannu su tattara waɗannan kalmomi daga bakin dattawan da suka yi aiki da su, domin duk kalmar da ta ɓace, takan tafi ne da dabarar da take ɗauke da ita.