Yadda ake rataya fatar wasa aska da amfani da ita

Askar da ake naɗewa cikin ƙotarta, wadda aka san garuruwan Sheffield na Ingila da Solingen na Jamus da Thiers na Faransa da ƙera ta, tana iya yi wa mutum aiki tsawon rayuwarsa, har ya bar wa ɗansa gado. Tun bayan da King Camp Gillette ya samu rajistar mallakar rezarsa a Amurka a 1904, kasuwar wannan aska ta ja baya, amma ba ta mutu ba. Kamfanin Thiers-Issard da aka kafa a 1884, da Dovo na Solingen da ya soma aiki a 1906, suna cikin waɗanda suka ci gaba da ƙera ta. Sai dai daɗewar aska ya dogara ne ga wata doguwar fata da ake ratayawa, ana goga ta a kai kafin kowane aski. Wanda bai iya amfani da wannan fata ba yana iya kashe kaifin aska mai tsada cikin minti ɗaya.

Abin da fata take yi wa aska

Bakin aska siriri ne matuƙa. Kusurwarsa ba ta wuce kimanin digiri 15 zuwa 17 ba, wato kusan rabin ta wuƙar girki. Wannan siranta ce take sa aska ta yanke gashi ba tare da ja ba, kuma ita ce take sa bakin ya yi saurin lanƙwashewa. Wani bincike da masana na jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a mujallar Science a 2020 ya nuna cewa gashi, duk da ƙarfen reza ya ninka shi tauri kusan sau 50, yana iya ɓantare bakin ƙarfen idan ya tanƙwara a lokacin yanka.

A nan bambancin dutse da fata yake. Dutsen washi cin ƙarfe yake yi, ya fito da sabon baki. Fata kuwa miƙar da bakin da ya karkace take yi, ta share tsatsar da ido ba ya gani da ragowar sabulu, ta kuma goge shi ya yi sumul. Shi ya sa ake kai aska ga dutse bayan watanni, amma ake kai ta ga fata a kowane aski. Wanzaman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan, domin sukan goga aska a guntun fata ko a tafin hannu kafin su ɗora ta a kan mutum.

Zaɓen fata

Fatar ratayawa takan kai tsawon santimita 45 zuwa 60, faɗinta kuma santimita 5 zuwa 7 da rabi. Akwai zoben ƙarfe ko ƙugiya mai juyawa a samanta, da mariƙi a ƙasa. Yawanci akan haɗa ta da wani ƙyalle mai kauri na lilin ko auduga, wanda ake fara goga aska a kai domin ya kwashe datti kafin a kai ga fatar.

An fi yin ta da fatar saniya ko ta doki. Mafi tsada ita ce wadda ake cirowa daga ɗuwawun doki, irin wadda majemar Horween ta birnin Chicago, da aka kafa a 1905, ta shahara da jemawa. Sabon shiga ba ya bukatar wannan, domin kusan kowane mai koyo sai ya yayyanka fatarsa ta farko. Ƙirgin saniya da aka jeme da kyau, marar tabo da ƙulli, wanda kaurinsa ya daidaita daga farko har ƙarshe, ya wadatar, kuma baduku yana iya yanka shi ya sa masa zobe da mariƙi. Fatar akuya, duk da kyawunta a jaka da takalmi, ta yi siranta da wannan aiki, domin tana miƙewa idan aka ja ta.

Inda ake rataya ta

Sharaɗi na farko shi ne abin da za a maƙala fatar ya kasance ba ya motsi. Ƙugiya mai murɗi da aka kafa a jikin katakon ƙofa, ko a bangon bulo bayan an huda an sa robar riƙe ƙusa, ita ce ta fi aminci. Ƙusar da aka buga a filasta kawai tana iya zarewa a tsakiyar aiki, haka ma ƙarfen rataya tawul da ƙugiyar da ake mannawa da gam. Idan maƙalin ya saki alhali aska tana tafiya, fata ta yanke, hannu kuma yana cikin haɗari. Wanda zai yi amfani da mariƙin ƙofa, to ya kulle ta tukuna, kada wani ya turo.

Tsayin da ya dace shi ne tsakanin ƙugu da gwiwar hannun mai askin, yadda idan ya ja fatar za ta miƙe a kwance ko ta ɗan gangara. Ya kamata a bar fili a gaba wanda hannu zai kai ya komo ba tare da ya bugi bango ko famfo ba. Kada a bar fatar tana kwana a banɗakin da ake wanka, saboda danshi yana kumbura ta ya murɗe gefunanta.

Yadda ake gogawa

Da farko a share askar da ƙyalle mai tsabta, a tabbatar ta bushe. Ƙwayar yashi ɗaya idan ta nutse a fata za ta riƙa karce bakin askar kullum. Sannan a kama mariƙin da hannu ɗaya a ja fatar ta miƙe. Idan ta yi sako-sako, takan lanƙwashe ta rungumi bakin askar ta dakusar da shi, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa.

A buɗe askar, a riƙe wuyanta tsakanin babban yatsa da manuni, a kwantar da ita yadda bayanta da bakinta za su taɓa fatar tare. Kaurin bayan askar shi ne yake tsayar da kusurwar da ta dace, saboda haka ba a ɗaga shi. A ja ta bayan yana gaba, bakin yana biye, akasin yadda ake yi a kan dutse. Nauyin askar kaɗai ya isa, ba a dannawa.

Idan an kusa ƙarshen fatar, sai a mirgina askar a kan bayanta, bakin ya tashi sama ya faɗa ɗaya gefen, kuma a soma komowa kafin bakin ya sauka. Mirginawa a kan baki tana yanka fata, ta kuma kashe kaifi nan take. Idan faɗin fatar bai kai tsawon bakin askar ba, sai a riƙa ja a karkace, yadda tun daga gindi har tsini kowane sashe zai samu rabonsa.

Abin da aka saba shi ne zuwa da komowa sau 20 zuwa 30 a kan ƙyalle, sannan sau 40 zuwa 60 a kan fata. Saurin da ake gani a hannun ƙwararrun masu aski na shekaru ne. Ga mai koyo, tafiya a hankali ta fi, kuma yana iya fara gwaji da wuƙar cin abinci marar kaifi har hannunsa ya saba da mirginawar.

Kula da fatar

Shafa ta da tafin hannu mai tsabta kafin aiki yakan wadatar da ita da maiƙo. A lokacin hunturu, idan ta bushe ta soma tauri, ana iya shafa mata ɗigo kaɗan na man gyaran fata a bar ta ta kwana. Mai da yawa yana sa ta danƙo ta riƙa tara ƙura. Da damina kuma a ajiye ta inda iska take ratsawa saboda fumfuna. A rataye ake ajiye ta, domin naɗewa tana barin ƙwarya a jikinta wadda ba ta gyaruwa.

Idan aska ta ɗan yanke ta, sai a manne ɓangaren da ya ɗago da gam kaɗan, ko a yanke shi a goge wurin da samfefa mai laushi, a share sosai. Akwai kuma wani koren maiƙo mai ɗauke da garin sinadarin kuromiyam da ake shafa wa fata domin farfaɗo da kaifi. Wannan yana cin ƙarfe kaɗan, saboda haka a ware masa fatarsa daban, kuma a share askar kafin a mayar da ita kan fatar yau da kullum. Idan bayan duk wannan aska tana jan gashi, to lokacin dutse ya yi.

Fata ba ta kashe ƙwayar cuta

Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma a wannan batu gaban goshin shi ne lafiya. Goga aska a fata ba tsabtace ta ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jikin mutum aƙalla kwana 7. Askar da ta taɓa jini idan aka goga ta a fata, fatar ma ta gurɓata, kuma ba a iya dafa ta ko jiƙa ta a sinadari ba tare da ta lalace ba.

Saboda haka aska da fatarta kayan mutum ɗaya ne, kamar buroshin haƙori. Mai zuwa wurin wanzami ko shagon aski yana iya tafiya da askarsa da ya riga ya goga a gida, ko ya nemi a sa masa sabuwar reza a gabansa. Bayan aski kuma a wanke askar, a tsane ta sosai har cikin ƙota, a shafa mata ɗan mai idan za ta daɗe a ajiye, sannan a sa ta inda hannun yara ba ya kaiwa.